Jan Layin da Ya Ratsa Gonarmu

Na san abin da ake faɗa muku a Garhanga duk lokacin da kuka je hutu. Ana cewa ubanku ya zauna a buron aikinsa a Madawa, ya danna ordinatar, wato kwamfuta, ya hana a gyara gonar gado, daga baya kuma ya cinye ta, ya bar wa wansa Illa tarin duwatsu. Ku ma kun ji, kun yi shiru don kunya, amma ina ganin tambayar a idonku, musamman ke Zeinabu da fuskarki ba ta iya ɓoye komai. Ban taɓa kare kaina ba domin akwai mutum biyu da suka ɗaure mini baki. Yanzu duka biyun suna ƙasa, ni kuma gwiwa ta fara ba ni labari, don haka ga yadda abin ya faru.

A shekarar da nake magana, ina aiki da wani furoje na gyaran ƙasa a Keita da Buza da Madawa. Kun san fako, ƙasar nan da ta ƙeƙashe har ruwan sama ke gudu a kanta bai shiga ba. Furojen zai kawo tarakta ta tsaga fakon, mutane su jera duwatsu, gona ta dawo da rai. Kafin a taɓa ko'ina sai an san kowane fili, shi ya sa aka tura anketar, wato masu bin gari gari da tabilet suna tambayar manoma. Ni ban iya kama kan tarakta ba, ko keke da ƙyar nake tuƙawa. Aikina shi ne tsara fishi, wato takardar tambayoyin da ke cikin tabilet, da rumbun da amsoshin ke taruwa a ciki. Aiki ne da ba wanda ke yaba maka in ya yi kyau, in kuwa ya lalace har mai gadin buro ya san sunanka.

Akwai tambaya guda da ke cewa, me ake yi da filin nan? A ƙarƙashinta na jera amsoshi, noma, kiwo, burtali, saura, kowace da ɗan zagaye a gabanta. Shi zagayen nan halinsa ke nan, in ka taɓa ɗaya sai wanda ka taɓa da farko ya mutu. Amsa ɗaya yake karɓa. Mu ma'aikatan ordinatar muna son sa domin ba ya kawo rigima, gurbi ɗaya a rumbu, lissafi ya fita tsaf. Ba a yi nisa da fara aiki ba sai Sha'aibu, ɗaya daga cikin anketar, ya kira ni daga Allakaye yana huci.

"Aliyo, fishin ga taka ba ta san Adar ba. Tsoho ya ce mini da damina hatsi shika shibkawa, da rani bisashen Hulani ka kwana ciki, kuma ta gehe ɗaya burtali na. In na taɓa noma, kiwo shi mutu. Wanne za ni kashewa?"

Na ce ya zaɓi wanda ya fi yawa. Ya ce in zo da kaina in gaya wa tsohon haka. Abin ya ba ni haushi, ya kuma ba ni dariya, domin gonar da na tashi a cikinta ma haka take. Na je wurin Madam, shugabar aikinmu, na ce ina so in sauya zagayen da ƙananan akwatuna masu kusurwa huɗu, irin waɗanda mutum zai iya sa wa alama ko nawa yake so. Madam mace ce mai kirki amma tana tsoron rahoto fiye da maciji. Ta ce in aka yi haka jimilla za ta wuce ɗari bisa ɗari, masu ba da tallafi su ce ba mu iya lissafi ba. Na ce mata zan yi wa kowace amsa gurbinta daban a rumbu, e ko a'a, in kuma rubuta bayani a ƙasan tebur. Ta yarda da ƙyar. Har na kai ƙofa ta kira ni, ta ce direbobin tarakta sun kafa sharaɗi, ba za su sa ƙarfe a inda aka binne mutum ba, domin wani a cikinsu ya taɓa tono abin da ya hana shi cin abinci kwana da kwanaki. Ta ce in ƙara akwati ɗaya a can ƙasa, in rubuta kabari, duk filin da aka sa wa wannan alamar a cire shi daga jerin tarakta. Na ƙara shi ina tunanin abincin rana. Da zagayen nan na bari, babu manomin da zai taɓa zaɓar kabari ya bar noma, domin gona dai gona ce.

Amsoshi suka yi ta shigowa har aka gama girbi. Wata rana da la'asar sakaliya, abokan aiki sun watse, na ce bari in ɗora kowace amsa a kan taswira in ga yadda ta bazu. Noma ya cika ko'ina da kore. Kiwo ya bi tudu. Da na zo kan kabari na ba shi ja, ina sa ran in ga ɗigo nan da can a bakin garuruwa inda maƙabartu suke. Abin da ya fito daban ne. Ɗigogin ba su je kusa da maƙabarta ba, a cikin gonaki suke, kowanne an sa masa noma an sa masa kabari tare. Kuma ba a warwatse suke ba. Sun taso daga can arewa da Keita, suka gangaro ta Garhanga, suka bi gindin duwatsu zuwa Allakaye, suka ratsa Buza, suka yi ta raguwa har suka ƙare kusa da Galma Kudawace. Layi ne guda, yana lanƙwasa inda fadama take, yana kauce wa hawa, yadda mai tafiya da ƙafa zai yi in ya gaji. Babu hanyar mota a wurin, babu burtali.

Na fara da zargin kaina, domin a aikinmu duk abin mamaki kuskure ne sai an tabbatar. Na duba ko akwatin yana sa wa kansa alama. Ba ya yi. Na duba ko anketar ɗaya ne mai kasala yake danne-danne. Mutane daban daban ne, a makonni daban daban, wasunsu ba su taɓa haɗuwa ba. Na kira Sha'aibu na tambaye shi yadda mutane ke amsa wannan tambayar.

"Ba su amsa ta gaban jama'a," in ji shi. "Sai na ƙare zan tashi, mai gona shi biyo ni shi rage murya shi ce, waccan ta ƙasa ma, sa mata. In na ce su wa ag ciki, sai shi ce baƙi na. Ko'ina kalma guda ta, baƙi. Kowa kau gani shikai shi kaɗai ad da su."

A nan na gane. Shekarar babbar yunwa, kafin a haife ni, mutanen arewa sun rasa dabbobinsu sun gangaro da ƙafa suna neman kudu. Wanda ya faɗi a gonar wani, mai gonar ya yi masa sutura a inda ya faɗi, ya yi shiru, ya ci gaba da nomansa yana kewaye wurin. Kowane gida ya riƙe nasa shi kaɗai shekara da shekaru. Ni ne mutum na farko da ya gan su a jere, kuma ban ji daɗin zama na farkon ba. Na matso da taswirar ina bin ɗigogin da yatsa ta wajen Garhanga, sai na ga ɗaya a kan fili mai siffar da na sani tun ina rarrafe. Na buɗe fishinsa. Sunan mahaifinmu ne, wadda ta ba da amsa kuma Inna.

Ba a yi kwana uku ba Yaya Illa ya sauko Madawa. Shi ne babba a gidanmu, shi ya riƙe gonar tun rasuwar Baba, ba a raba ta ba saboda Inna na raye. Dogo ne siriri, mai ƙarancin magana, mu sauran duk gajeru ne masu surutu, har ana yi mana ba'a da haka. Rabin gonar ya riga ya zama fako, shi kuma ya gaji da zuwa biɗar kuɗi Kudu duk rani. Taraktar nan ita ce abin da ya sa rai a kai. An karanta jerin sunaye a meri, wato ofishin magajin gari, bai ji namu ba.

"An ce alama ɗaya ta hana mu," ya ce, bai ko zauna ba. "An ce kuma kai ka iya ɗebe ta. Inna ta tsuhwa, ba ta san abin da taka hwaɗi ba. Ni ka noman gonag ga tun kana goye, ban taɓa ganin kabari ba. Ɗebe ta."

Zan iya. Dannawa ɗaya ce, ba wanda zai sani. Na ce masa ya bari in ga Inna tukuna.

Na same ta tana tankaɗe a tsakar gida. Na fara da wasa kamar yadda na saba, na ce Inna kin shiga aikina kin ɓata mini lissafi. Ba ta yi dariya ba. Ta kakkaɓe hannu, ta ɗauki mayafi, ta ce in biyo ta. Rana ta take tsaka, lokacin da ko akuya ke neman inuwa, kuma ita ce da kanta ta hana mu fita daji a irin wannan lokacin muna yara. Muka ratsa karan da aka girbe har kusurwar gabas, inda wata tsohuwar aduwa take da duwatsu a gindinta. Tun muna ƙanana aka ce mana akwai kububuwa a wurin, ba mu taɓa tsinkar ɗan aduwar ba, Baba kuma kullum sai ya karya kunya ya kewaye. Ban taɓa tambayar dalili ba. Da muka kusa, Inna ta tuɓe takalmanta. Ta yi sallama da murya sosai, irin wadda ake yi a ƙofar gidan mutane, sannan ta tsaya shiru daidai tsawon da mutum zai amsa. Iska ba ta motsi. Tururuwa sun yi hanya a ƙasa, na lura sun zagaye duwatsun ba su hau ba. Sai ta gyaɗa kai kamar an ce ta shigo, ta zauna.

"Shekarar yunwar, nan muke zamne, ni da babanku, cikin bukka, gari duk ya watse," ta ce. "Ina da ɗa guda, na hwari, bai kai yaye ba. Zawo yak kama shi, da hantsi yac cika. Babanku na gina rami sai ga mace ta taho daga arewa, baƙin zane, goye da ɗa. Ba ta jin Hausa, ba ni jin nata. Tak kwance goyon, tam miƙo mini, taz zamna gindin iccen ga. Na tai ɗebo ruwa, kahin in komo ta tahi."

Na ce Allah ya jiƙanta. Na ɗauka labarin ya ƙare ke nan.

"Babanku ba shi da ƙarhin rami biyu. Munka sa ta, munka sa mata nawa bisa ƙirji. Ni ga nono na zuba, ga nata na kuka. Da mutane sunka komo gari bayan ruwa ya sauka, sun bar ni da ɗa, sun iske ni da ɗa. Wa zai tambaya?"

Na tambaye ta sunan yaron da aka binne, ko da yake na riga na sani.

"Illa," ta ce. "Suna guda gare ni, shi na ba wanga."

Na zauna a ƙasa. Ina kallon duwatsun nan ina tunanin cewa wana na ciki ɗaya yana nan a ƙasa, a hannun matar da ba wanda ya san sunanta, wanda kuma na tashi ina kira Yaya yana so in buɗe wa tarakta hanya ta bi ta kan uwarsa. Tsoro na ji, ba zan ɓoye muku ba, irin wanda ban taɓa ji ba ko a asibiti. Na tambayi Inna me ya sa ta faɗa wa anketar bayan ta ɓoye shekara arba'in. Ta ce ba wanda ya taɓa tambayarta ta hanyar da za ta iya amsawa ba ta ƙaryata gonar ba. Yarinyar da ta zo da tabilet ta karanta mata noma ta ce e, ta karanta kabari ta ce e, shi ke nan. Sannan ta kama hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Alamag ga ta tsaya. Kuma Illa ba shi ji daga bakinka ba. In anka sani, malamai za su ce ba shi da gado, ɗiyanshi kau a riƙa nuna su da baki wurin aure. Na shayar da shi, ɗana na. Ka ji ni?"

Na koma na ce wa Yaya Illa ba zan cire ba. Ya tambayi dalili, na ce dokar aiki ce. Ƙarya mara daɗi, domin ya san na sha gyara wa mutane kuskuren suna da na iyaka. Ya dube ni ya daɗe, ya ce to, ya fita. Tarakta ta zo ta tsaga gonakin maƙwabta hagu da dama, ta bar tamu a tsakiya. Damina ta gaba hatsinsu ya fi mutum tsawo, namu ya tsaya iya gwiwa. Illa ya koma biɗa da furfura a gemunsa, ya yi dako a tashoshin Kudu, ya dawo da tarin da bai rabu da shi ba. Ya daina zuwa gidana. In na je Garhanga zai amsa gaisuwa ya tashi. Abin da na aika na taimako ya mayar. Lokacin sunanka, Musa, shi ya kamata ya raɗa maka suna, bai zo ba, uwarku ta yi kuka a ɗaki. Mutanen gari suka ce boko ya cinye mini zuciya. Na ji zafin wannan ƙwarai, kuma sau da yawa na buɗe fishin gonar na ɗora yatsa a kan akwatin, in tashi in bar shi.

Da Inna ta rasu aka yi kwanakin zaman makoki, sai aka tara mu rabon gado a zauren liman. Na shiga na zauna. In na yi shiru na ɓoye wa malamai abin da shari'a ke tambaya, in na yi magana na kashe wana da rai. Liman ya fara lissafa magada, ya ambaci Illa a farko. Kafin ya ci gaba Illa ya ɗaga hannu, ya ce shi ya yafe rabonsa na gona ga ƙannensa, abu ɗaya yake so, kusurwar gabas mai aduwa da duwatsunta. Zaure ya ɗauki guna-guni. Aka ce fushi ne, aka ce ni na matsa masa. Liman ya maimaita tambaya har sau uku, ya ba da amsa iri ɗaya. Daga wannan zaman ne labarin da kuke ji ya samo asali. Abin da ba a faɗa muku shi ne, kason da ya faɗo mini 'ya'yansa ke nomawa har yau, ban taɓa karɓar ko dami ɗaya ba, kuma ina so ya zauna haka bayan raina.

Da aka watse na bi shi. Bai nufi gida ba, gona ya nufa, ni ina bayansa kamar lokacin da nake yaro. A bakin kusurwar ya tuɓe takalmi. Ban taɓa gaya masa ana yin haka ba. Muka tsaya muna kallon duwatsun, can na ce, Yaya, Inna ce ta faɗa maka?

"Ba ta hwaɗa ba. Kai ma ba ka hwaɗa ba, na kau gode." Ya yi tari ya share baki. "Ina yaro, wata rana na kawo ma Baba hura. Na iske shi nan durƙushe, bai ji tahowata ba. Shina addu'a shina kuka, shina cewa Allah ka jiƙan Illa, Allah ka kai haske kabarin Illa. Ni kau ina tsaye bayanshi da ƙwarya."

Na tambaye shi, to in ya sani, me ya sa ya matsa a kawo tarakta, me ya sa ya yi shekaru yana fushi da ni.

"Ban sani ba, Aliyo. Zato nikai. Na so ƙarhe shi buɗe wurin ga, ko wani cikinku shi tare ni shi hwaɗa mini don mi. Kai kat tare ni, ba ka hwaɗa ba. Ran nan na tabbata."

Ya durƙusa ya gyara wani dutse da ya gangaro, ya mayar da shi wurinsa. Bai ɗago ba ya yi mini tambayar ƙarshe.

"Su nawa na a ciki?"

Na ce biyu ne, yaro da mace. Hannunsa ya tsaya a kan dutsen. Ashe duk shekarun nan yaron kaɗai ya yi zato.

"Mace," ya ce a hankali. Sai ya miƙe, ya ja da baya har bakin kunya, ya gyara rigarsa, ya yi sallama.